Ragon da kake kaiwa coci ba zai wanke sunan Sule ba

Baba, ina gaisuwa. Ni Kirista ne, haifaffen Katsina, ina da mata da 'ya'ya uku. A 2013 ina yaron shago wurin wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda a Babbar Kasuwa. Mu biyu ne a shagon, ni da wani yaro Musulmi, bari in kira shi Sule. Wata rana Alhaji ya tafi Kano saro kaya, na ɗebi naira 180,000 a durowa. Da aka yi lissafi zargi ya faɗa kan Sule, don shi ke riƙe da makulli, kuma yana shirin aure. Ya rantse, ya yi kuka, ba a saurare shi ba. Da za a kore shi ya tsaya a bakin shago ya ce Allah ya isa tsakaninsa da wanda ya ɗauka. Maƙwabta suka ce amin. Ni ma na ce amin. An fasa ba shi matar. Na ji yanzu dako yake yi a Daura.

Da kuɗin na sayi babur na ba wani yana yi mini kabu-kabu, daga nan jarina ya tashi, yau ina da shagon kaina. Amma ba na barci. Ina fitar da zakka fiye da ƙa'ida, duk shekara ina kai rago bikin godiya, na yi azumin kwana 21 har sau uku. Ɗiyata ta biyu tana da sikila, duk sa'ad da ciwon ya tashi sai in tuna jaririn Dawuda da ya mutu saboda laifin ubansa. Wani mai addu'a ya ce akwai la'ana a kaina, in kawo "hadaya mai zafi" ta naira 500,000 a karya ta. Abokina kuma ya ce Yesu ya riga ya biya, in manta kawai. Matata ba ta sani ba. Shekara biyu ke nan ban ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a coci don tunawa da mutuwar Yesu. Baba, wace hadaya ce za ta ishe ni?

Wani ɗanka, daga Katsina

Ɗana, salama gare ka. Sau uku na karanta wasiƙarka, kowane karo kuma wuri ɗaya nake cijewa, inda ka ce kai ma ka ce amin. Ba zan shafa maka mai a baki ba. Abin da ka yi mugun abu ne, kuma satar ce ƙaramar a ciki. Babbar ita ce tsayuwar da ka yi kana kallo aka tozarta marar laifi a tsakiyar kasuwa. Amma ka rubuto, wanda zuciyarsa ta mutu kuwa ba ya rubuto irin wannan takarda. Zauna mu yi magana.

Ka tambaye ni hadayar da za ta ishe ka. Babu ita. Laifinka bai fi ƙarfin gafara ba. Hadayar da ake bukata ce an riga an miƙa, ba kai ka miƙa ba, ba kuma za ka iya ƙara mata ko ƙwayar gero ba. Naira 500,000 ɗin nan ka riƙe ta, tana da masu ita, zan gaya maka su. Abin da na gani a wasiƙarka mutum ne mai bashi biyu a wuya. Ɗaya an biya masa tuntuni, amma kullum yana sallama a ƙofar yana miƙa kuɗi. Ɗayan yana nan ba a taɓa shi ba, mai shi yana can Daura da buhu a ka, shi kuwa ya sauya hanya don kada su haɗu. An bar jaki ana dukan taiki.

Bari in fara da mai addu'ar, don na san irinsa tun kafin su fara sa kwat. Kakana Bamaguje ne, a wani ƙauye cikin ƙasar Malumfashi. Akwai tsamiya a bayan gidanmu, gindinta baƙi ƙirin saboda jini. In yaro ya kwanta ko damina ta yi gardama, sai a ce an ɓata wa iskoki rai. Ina ɗan shekara bakwai na riƙe masa ƙafafun jan zakara ya yanka, jinin ya yi tsartuwa a kan saiwa, ya manna gashin a jikin itacen, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashin maigidan da ya yi fushi. Abin da ban manta ba fuskarsa ce bayan an gama. Babu natsuwa a cikinta, don bai san ko an karɓa ba. Bayan wata biyu aka koma da baƙin bunsuru. Tsamiyar nan ba ta taɓa cewa ya isa ba.

Mai addu'arka tsamiyar nan ce aka ba ta lasifika. In ka kai masa kuɗin, ciwon yarinyar ya sake tashi da sanyin hunturu, cewa zai yi hadayar ba ta yi zafi sosai ba. Tsohon ciniki ne. Shi ya tunzura Martin Luther a Jamus a 1517, lokacin da ake bi gari-gari ana sayar wa talakawa takardun sassauta horon zunubi, abin da Cocin Katolika da kanta ta hana daga baya. Luther kuwa ya san ciwonka daga ciki. Yana ɗan zuhudu yakan yi azumi har ya galabaita, ya shafe sa'o'i yana furta zunubansa, ya fito bai sami salama ba. Tun zamanin manzanni ma wani Saminu mai sihiri ya zaro kuɗi zai sayi baiwar Allah a hannun Bitrus, Bitrus ya ce shi da kuɗin nasa su hallaka tare.

Yanzu ɗauko Littafinka ka buɗe Littafin Firistoci sura 16. Na sani yawancinmu tsallake wannan littafin muke yi, da an fara lissafin kitse da ƙoda sai hamma. Mahaifina yana da tsohon bugun Hausa na 1932, shafukan Zabura duk sun yi baƙi da hannu, na Firistoci kuwa fes kamar jiya aka buga. Amma wannan surar taka ce. Sau ɗaya a shekara, ran goma ga wata na bakwai, Isra'ilawa suna da Ranar Kafara. Kalmar da Yahudawa ke faɗa, kippur, da kaffarar da maƙwabtanmu Musulmi ke yi, tushensu ɗaya. A ranar kaɗai babban firist ke shiga Wuri Mafi Tsarki, ɗakin can ciki na wurin sujadarsu, bayan labule. Kafin ya yi wa kowa sai ya yanka bijimi domin kansa da gidansa, gama shi ma mai zunubi ne. Sannan a kawo bunsuru biyu a jefa musu ƙuri'a. Ɗaya a yanka, a shiga da jininsa a yayyafa a kan murfin akwatin alkawari. Ɗayan ba a yanka shi. Haruna, babban firist ɗin, zai ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya furta laifofin jama'a duka, sannan a damƙa shi ga wani mutum ya kora shi jeji, inda babu kowa, ya sake shi a can. Jama'a na tsaye suna kallon laifinsu yana tafiya da ƙafa huɗu har ya ɓace.

Ka ga kanka a ciki? Kai ma ka yi taka Ranar Kafarar, a layin 'yan atamfa. Sai dai kai mutum ka samu maimakon dabba. Aka ɗora wa Sule laifinka a ka, aka kora shi, ya tafi da shi har Daura, kai ka koma ka share shago. Kuma a wancan tsarin firist da bakinsa yake faɗa cewa laifin na jama'a ne, kowa a wurin ya san bunsurun bai yi komai ba. A naka, har gobe akwai mutane a kasuwa da in aka ambaci Sule za su ce, "Wanne? Wanda ya yi wa Alhaji sata?" Allah bai umarci wannan hadayar ba, shi ya sa ba ta ɗauke maka komai ba.

Ko wadda Allah ya umarta ɗin ma, wasiƙar Ibraniyawa sura 10 ta ce inuwa ce. Jinin bijimai da na awaki ba shi da ikon kawar da zunubi, abin da yake yi shi ne tuna wa mutane da shi kowace shekara. Aikin da ragonka na bikin godiya yake yi maka ke nan. Duk shekara ka jawo shi gaban ikilisiya, 'yan zumuntar mata su rangaɗa guɗa, fasto ya sa maka albarka, kai kaɗai kake ganin abin da ke rubuce a goshinsa. Marubucin Ibraniyawa ya lura da wani ƙaramin abu da nake so ƙwarai: firistoci a tsaye suke aiki kullum, suna maimaita hadayu iri ɗaya, amma Almasihu da ya miƙa hadaya guda domin zunubi, sai ya zauna. Ma'aikaci ba ya zama sai aiki ya ƙare. A kan gicciye ya ce an gama, labulen Haikali kuma ya tsage daga sama har ƙasa. Tun da sojojin Roma suka rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70, babu ma bagaden da za ka kai rago.

Wataƙila ka ce, me ya sa sai da jini? Allah ba zai ce na yafe kawai a wuce wurin ba? Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin amsar. Kana da littafin bashi. Ranar da ka ja layi a kan sunan wani ka ce ka bar masa, turmin atamfar da ya ɗauka bai dawo kan kanta ba. Wani ya biya shi, kai ne. Duk yafiya haka take, mai yafewa ke haɗiye asarar. Abin da bangaskiyarmu ke koyarwa shi ne, Allah bai kau da kai daga zunubi kamar alƙalin da aka toshe wa baki ba, bai kuma nemo wani marar galihu ya jibga masa ba, yadda aka yi wa Sule. Shi da kansa ya ɗauka. Bulus ya gaya wa Korintiyawa cewa Allah yana cikin Almasihu yana sulhunta duniya da kansa, ba ya lissafa musu laifofinsu. Yesu kuma ya ce ba mai ƙwace ransa, shi ke ba da shi don kansa. Sule dole aka yi masa, har yau bai san kayan wa yake ɗauke da su ba. Ɗan Ragon Allah ya san sunanka, ya san durowar, ya san adadin, ya kuma yarda ya ɗauka.

Na sani a nan muke rabuwa da 'yan'uwanmu Musulmi. Ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba, layyar Babbar Sallah kuma tunawa ce da biyayyar Ibrahim, ba su ɗauke ta a matsayin wani ya mutu a madadin wani ba. Ban zo gardama ba. Kai Kirista ne, a kan abin da ka gaskata ka tambaye ni. In ka gaskata, ka daina ƙoƙarin biyan abin da aka ba ka kyauta. Surukinka ya yi maka kyautar babbar riga, ka zaro kuɗi a gaban mutane ka miƙa masa, wannan ai cin fuska ne.

To abokinka fa? Ya faɗi rabin gaskiya, rabin da ya fi daɗi a kunne. Yesu ya biya, haka ne. "Ka manta" ɗin ne babu shi a Littafi. Koma Firistoci, sura 6, ayoyi bakwai na farko, za ka rantse kai aka gani aka rubuta: wanda ya ci amanar maƙwabcinsa a kan ajiya, ko ya yi ƙwace, ko ya tsinci abu ya musa, ko ya yi rantsuwar ƙarya. Me aka ce ya yi? Ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, ya ba mai shi, ya kuma kawo rago marar lahani wurin firist. Duba jerin da kyau. Mai kaya aka fara ambata, rago daga baya. Kai ka juya shi, shekara da shekaru kana kai rago, mai kaya bai ga ko sisi ba. Ragon nan Almasihu ya tsaya a madadinsa. Mayar da kayan mutane kuwa yana nan yana jiranka.

Yesu bai sassauta wannan ba, ƙara ɗaure shi ya yi. A Matiyu sura 5 ya ce in kana miƙa baiko a bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka ajiye baikon a nan, ka je ku shirya tukuna, sannan ka dawo. Ashe akwai ranar da Ubangiji ya fi son ganin ƙeyarka kana fita daga coci da ganin hannunka a akwatin baiko. Ka tuna kuma da Zakka na Yariko (sunan mutum ne, ba wadda kake fitarwa ba), shugaban masu karɓar haraji da ya hau itace. Yesu bai ce sai ya biya kafin ya taka gidansa ba. Ya shiga tukuna, mutane na ta gunaguni. Sannan Zakka ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Gafarar ce ta kwance masa bakin aljihu, bai saye ta da kuɗin ba. A nan babu saɓani tsakanin ɗarikunmu. Ɗan Katolika ma in ya furta sata a gaban fada, wato firist ɗinsu, ana gaya masa sai ya mayar. Alhaji da Sule kuwa da wannan karatun suka tashi, kullum kana jinsa a kasuwa: Allah ba ya yafe hakkin wani. Ranar da ka je musu ba sai ka yi dogon bayani ba.

Rashin barcin nan naka ba la'ana ba ce. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Dawuda ya ba da labarin irinsa a Zabura 32: sa'ad da ya yi shiru ƙasusuwansa suka lalace, ƙarfinsa ya ƙafe kamar da zafin bazara, bai sami sauƙi ba sai da ya buɗe baki. A Zabura 51 kuma, bayan ya ɗauke matar Uriya ya sa aka kashe shi a bakin daga, ya ce da hadaya Allah yake so da ya bayar. Sarki ne fa, yana da garken da zai yanka har jini ya yi kwata. Ya gane ba a nan take ba, abin da Allah ba ya rainawa ita ce karyayyar zuciya. "Allah ya isa" da Sule ya yi ma ba asiri ba ne da za a nemi mai karyawa. Ƙara ce wanda aka zalunta ya shigar gaban Alƙali, Alƙalin kuma yana jin kukan irinsu. Hukuncin da ka jawo wa kanka da amin ɗinka, Bulus ya gaya wa Galatiyawa cewa Almasihu ya zama la'ananne dominmu. Amma abin da Sule ya roƙa, a bayyana wanda ya ɗauka, amsarsa tana bakinka.

Sai dai ka kula da ƙafar da za ka fara takawa. Yahuza ma, almajirin da ya ba da Yesu, ya mayar da kuɗi, azurfa talatin cif, har ya ce ya ci amanar marar laifi. Abin da ya rasa shi ne yarda cewa akwai sauran gafara dominsa, ya fita ya rataye kansa. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, ya yi kuka mai zafi, ya dawo, aka damƙa masa tumaki. Saboda haka kada ka mai da zuwa Daura sabon ragonka. Ka fara durƙusawa, ka kira abin da sunansa, sata da ƙarya da cin amana, ka karɓi alkawarin da ke 1 Yahaya 1:9, cewa in mun furta, shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta. Daga nan ka tashi ka tafi a matsayin wanda aka yafe wa. In kuma akwai daren da tunanin Yahuza ke zo maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai, ka tashi matarka ko ka buga wa fasto waya a daren.

Batun yarinya, ina so ka saurare ni da kunne biyu. Sikila gado ce ta jini. In uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar, irin wanda asibiti ke rubuta wa AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon. Jinin nan yana jikinka tun kafin ka san hanyar kasuwa, yana jikin matarka da ba ta taɓa ganin durowar Alhaji ba. Gidajen da ba a taɓa ɗaukar allurar wani ba ma suna jinyarta. Jaririn Dawuda, annabi Natan aka aiko musamman ya faɗa masa. Kai ba a aiko maka kowa ba, sai mai neman 500,000. Abin da aka rubuta domin kowa yana Ezekiyel 18, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya laifin wa ne, nasa ko na iyayensa, Yesu ya ce ba na ko ɗaya ba. Ka daina kallon ɗiyarka kamar takardar sammaci. Yara suna gane irin wannan kallon. Ta sha ruwa sosai, ta kwana a gidan sauro, a rufe ta da kyau da hunturu, kada a yi fashin zuwa asibiti.

Yanzu ga aikin. Matarka za ka fara gaya wa, a ɗaki, bayan yara sun yi barci. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi kwanaki ba ta kula ka ba, ka jure. Tuwon da take tuƙawa daga wannan jarin ya fito, kuma abin da zai biyo baya har ita zai shafa. Sai fastonka, da dattijo ɗaya na ikilisiya mai riƙe magana. Ku nemi wani dattijo Musulmi da Alhaji ke jin nauyinsa ya yi muku jagora, a cikin 'yan kasuwa ba za a rasa ba. Kafin ku je ka ji ta bakin lauya, don ka san inda ka tsaya in maganar ta kai gaban hukuma. Ba na yi maka alkawarin ba za ta kai ba. Gafarar Allah ba ta hana Dawuda ganin sakamakon aikinsa a gidansa ba. Amma wanda ya kawo kansa da kuɗi a hannu da dattawa a gaba, ba a cika yi masa irin karɓar wanda aka kamo ba.

Kuɗin kuma kada ka yi wa kanka wayo. A 2013 dala ɗaya wajen naira 160 take, yau ta haura dubu nesa. In ka miƙa wa Alhaji 180,000 ka ce kun rabu, ka sake yi masa wata satar. Kai ka ce babur ka saya. Je ka wurin masu sayar da babur ka tambayi kuɗin sabo yau, daga nan lissafinka zai fara, ka ɗora kashi ɗaya cikin biyar. In ba za ka iya a tashi ɗaya ba, a rubuta a gaban shaidu ka riƙa biya. In ta kama ka rage zakkar da kake ƙarawa a kan ƙa'ida, ka rage. Bana kuma kada ka kai rago. Coci ba ta bukatar naman da aka saya da hakkin ɗan dako. Kada ka ja lokaci, Alhaji ba yaro ba ne. In ya riga ka, kuɗin na magadansa ne, amma bakin da zai wanke Sule ya tafi.

Domin wannan ne babban abin da za ka roƙa a zauren Alhaji, ya fi kuɗin: ya kira maƙwabtan shagon da suka ce amin, waɗanda suka rage, ya faɗa musu da bakinsa, kana zaune, cewa Sule bai ɗauka ba. A aika wa iyayen Sule. A aika har gidan da suka fasa ba shi 'yarsu, ko da ta yi 'ya'ya biyar a wani gidan. Zuciyarka za ta kawo maka dabara, ta ce ka tura masa kuɗi a ɓoye ta asusun wani, ko ka saya masa Keke Napep ka ce taimako ne. Kada ka yarda. In ka yi haka ka zama mai kyauta, shi kuma ya ci gaba da zama ɓarawon da aka tausaya wa. Za ta kuma ce maka, in ka tona za a ce ga halin Kiristoci. Wataƙila wani ya faɗa. Ni dai na daɗe a garin nan, na ga abin da ke zubar da mutuncin ikilisiya, ban taɓa ganin mai mayar da hakki a cikinsu ba.

Sule kuwa, ba ni da ƙa'idar lissafin abin da ka ci masa. Shekarun da ya kamata ya yi yana koyon kasuwa har a sallame shi da jari, kamar yadda ake yi wa yaron shago mai amana, kai ka ci su. In kun haɗu kada ka fara da kuɗi, kada ka fara da wa'azi, kada ka ce shaiɗan ne. Ka cire takalmi, ka zauna ƙasa, ka ce, "Malam Sule, ni na ɗauka, na kuma bari aka ɗora maka." Sannan ka yi shiru ka sha duk abin da zai faɗa. Yana iya zaginka, yana iya tashi ya bar ku, yana iya cewa sai a lahira. Hakkinsa ne, ba ka da ikon matsa masa ya yafe, dattawan da ka tafi da su ma ka gaya musu tun a mota kada su matsa. Daga baya, ta hannun dattijon nan, a tambaye shi abin da zai tsayar da shi da ƙafafunsa, jari ne ko rumfa ko abin hawa. Nan ne 500,000 ɗin za ta fara aiki, kuma ina jin ba za ta isa ba.

Jibin Ubangiji, ka bar wa fastonka ya faɗa maka lokaci, kowace ikilisiya da tsarinta, in sun ɗora maka horo ka karɓa. Ni dai a ganina, da zarar ka furta ka kuma kama hanyar gyara, bai kamata ka ci gaba da zama a benci na baya kana sunkuyar da kai ana wuce ka da ƙoƙo ba. An kafa teburin nan a daren da aka ci amanar mai shi, waɗanda suka ci tare da shi kuma duk suka watse suka bar shi kafin gari ya waye.

Motar Daura ba ta wuya, ta Mashi ake bi, tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Ku tafi da sassafe, kafin ya shiga dako ya gaji. In kun dawo ka rubuto mini yadda kuka yi. Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yarinyar.